Ƙugiyar Marigayi da Karfasar Inna

"Baba, ga ni a kan dutsenka. Ruwan yana nan yadda ka bar shi, ni ne dai ban iya ba."

Haka Haladu ya faɗa ƙasa-ƙasa, yana warware fatsar mahaifinsa a bakin dam. Gobe sadakar arba'in ɗin tsohon, shi kuwa ya riga ya cika baki gaban 'yan gida cewa da giwan ruwa za a yi miyar, kamar yadda marigayin ya saba kawowa. Saurayin da boko ta riƙe har aji uku sannan ta sake shi, ko kurungu bai taɓa kamawa ba. Amma ya sha ganin yadda ake yi. Ya ɗaura babbar ƙugiya, ya matse dalma a samanta, ya sa totuwa don ta nuna in an taɓa. Ya kuma san giwan ruwa ɗan gata ne, ba ya kallon tana, sai ƙaramar karfasa mai rai, a soke ta a gadon baya tana wutsil-wutsil. Shi ya sa jiya da yamma ya roƙo guda shida wurin masu kamun kifi da ragar koma, ya ajiye a bokiti. Da safe ya tarar Inna ta soye su tas, ta barbaɗe da yaji, ta ƙunshe masa a takarda, wai kada ya wuni da yunwa. Rabonta da hura wuta tun ranar jana'iza. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, bai kuma gaya wa kowa cewa don ƙugiya ya ajiye su ba.

Yana cikin maƙala soyayyiyar karfasa a ƙugiya, ƙamshi ya kai wa Kawu Nomau, tsohon abokin kamun kifin mahaifinsa, da ke zaune can ƙarshen gaɓa tun hantsi bai samu komai ba. Ya jingine fatsarsa ya tako.

"Ɗan marigayi, me nake gani haka? Biki ake yi a cikin ruwan?"

"Abin da ya samu ke nan, Kawu."

Kawu Nomau ya tsuguna, ya buɗe takardar, ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya jefa baki.

"Shekara talatin muna kan dutsen nan da ubanka, ban taɓa ganin an soya wa kifi kifi ba. Har da yaji. Ka taho masa da ruwan wanke hannu?"

Haladu ya wurga fatsa, ya zuba wa totuwa ido.

"Giwan ruwa ba ya cin mushe," in ji Kawu, ya ɗauki ta biyu. "Sai abin da ke motsi. Wannan ko ka wuni, ba mai hankalin da zai kusance ta." Ya tsotse ƙaya, ya lashe yatsa, ya miƙa hannu ga ta uku. "Gobe in mutane sun taru, me za ka ce wa uwarka?"

Haladu ya dubi takardar, ya dubi bakin Kawu yana ƙyallin mai.

"Ci abinka, Kawu, kada ka firgita. In na ruwa bai zo ba, kai zan ja zuwa gida in ce wa Inna ga babban da karfasarta ta kamo."