Tunau da Na'urar Famfo

Gidanmu mu uku ne: ni Marka, matar marigayi Nomau, sai kajina, sai Tunau ƙanen mijina, ƙato mai gemu wanda in ka ce ya tsaya a nan, a nan damina za ta same shi. Ni ke riƙe da famfon unguwa tun da Nomau ya rasu. Wata ƙungiya ce ta kafa shi, ta liƙa wata 'yar kwamfuta a bango mai hoton bokiti da jarka da duro. Ka danna wanda kake so, ruwa ya zubo daidai cikinsa. Mai Unguwa Barau kuwa ya daɗe yana cewa aikin ya fi ƙarfin mace, don yana so ya ba surukinsa.

Wata rana bayan ruwan sama, sai hotunan suka wayi gari kai ƙasa. Na kira Rabe mai gyara, ya faɗi kuɗin zuwansa, na ce ko mota zan saya ban ba da haka ba. Na ce wa Tunau, "Zan je kasuwa. Ka san yadda za ka yi mutane su ga hoton nan a miƙe." Da na dawo sai na tarar da benci a gaban famfo, Mai Unguwa kwance rigingine a kai, kansa na reto, rawaninsa cikin taɓo.

"Ranka ya daɗe, ka ga bokitin ya miƙe ko?" in ji Tunau.

"Ya miƙe! Ɗaga ni, ɗan banza!"

Wata rana kuma sai dannawar ta rikice. Ka taɓa bokiti ta ba ka jarka, ka taɓa jarka ta sako na duro har zanenka ya jiƙe. Na sake kiran Rabe, na yi ta ja da shi har ya yarda ya faɗa mana ta waya kyauta. Ya ce a shiga wajen saiti, alama za ta fito a kowace kusurwa, a taɓa tsakiyarta da abu mai tsini, ban da yatsa. Tunau ya tafi wajen mai nama ya dawo da tsinke, tsiren ma bai gama cinyewa ba. Ya bi kusurwoyin nan ɗaya bayan ɗaya, dannawa ta dawo daidai da hoto, amma gilashin ya sha mai da ƙuli. Kafin la'asar akuyar Mai Unguwa ta ɗora ƙafa a bango tana lasa. Duk lasa ɗaya, duro ɗaya. Ruwa ya bi lungu har zauren ubangidanta.

A ranar Mai Unguwa ya aiko cewa dattawa za su zo Juma'a su duba. In hoton na nan kai ƙasa, in miƙa makullin famfo.

Wata rana, ita ce Juma'ar, na tsaya gaban na'urar nan raina a ɓace. Na ce, "Wannan shegiya, kamata ya yi a rataye ta ta ƙafa kamar ragon layya!" Na shige gida in nemo makullin, don ba zan bari a ce sai da aka ƙwata a hannuna ba. Ina fitowa na ga dattawa sun yi cirko-cirko. Tunau ya kwance akwatin kwamfutar daga bango, ya juya shi, ya ɗaure da igiya a jikin ƙusa. Ga bokiti, ga jarka, ga duro, kowanne zaune da gindinsa.

Mai Unguwa ya danna jarka, ta cika ta tsaya. Ya sake dannawa da ƙarfi ko za ta yi ɓarna, ta ƙi. Liman ya leƙa ya ce, "Af, ramin shigar wayar wutar ma yanzu ƙasa yake kallo, ruwan sama ya daina shiga ke nan."

Na mai da makulli bakin zanena na ƙulle, na ce, "Ranka ya daɗe, a gai da suruki."

Suna juyawa sai ga Tunau yana wasa wuƙa a dutse.

"Yaya, ta ratayu. Yanzu za a feɗe, ko sai ta huce?"