Abin Da Surukina Ya Ji Ta Bayan Darni

Ba zan taɓa mantawa da ranar da masu bincike suka zo Mungadi ba. Ko na so in manta, matan unguwarmu ba za su bar ni ba.

Ni ungozoma ce. Ban yi boko ba. Na haifi tara, na binne huɗu, na binne miji. Hannun nan nawa ya yanke cibiyar rabin yaran unguwarmu. Ba ni da yawan magana, amma in na buɗe baki ba na kewaye. (Shi ya sa ba a cika kirana sulhu ba.)

Magana ɗaya ce ta gagare ni. Ɗiyata ta fari tana aure a Jega. Ba na kiran sunanta, don haka ku ma ba za ku ji shi ba. Haihuwa biyar ta yi cikin shekara bakwai, kowane ciki a kan goyo. A ta biyar ɗin jini ya ɓalle mata a ɗakina, ya fi ƙarfin hannuna, sai da muka kai ta asibiti a Maiyama. Da ta farfaɗo, nas ta ja ni gefe ta ce, "Inna, in ta sake ɗaukar ciki nan kusa, ban ba ki tabbacin za ki koma gida da ita ba. Ta zo da mijinta a yi maganar tazarar haihuwa."

To, wa zai faɗa wa mijin? Shekara takwas ban taɓa kallon tsakar idon surukina ba. In ya zo gaisuwa yana durƙushe a zaure, ni ina bayan ƙofa. Ko ruwa ba na sha a gabansa, balle in yi masa zancen shimfiɗa. Sai na ce wa yarinyar ta faɗa masa da kanta. Duk lokacin da na tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Bai ce komai ba." Ni kuwa na ɗauka ƙi ya yi. Jaririn ya kai wata bakwai, kuma na san lissafin ɗiyata. Lokacin wani cikin ya kusa.

Ana haka sai aka aiko mini cewa wasu mata za su zo daga Aliero, suna bincike a kan lafiyar mata, awon ciki da haihuwa da tazara, in tara musu matan unguwa. Na tara goma sha biyu a gidan mai unguwa. Muna ciki baƙin suka yi sallama, su uku. Babbarsu Malama Rabi, 'yar siririya mai gilashi, da 'yar na'urar ɗaukar murya da ba ta fi kwalin ashana ba.

Ta ce mu shiga ɗaki a rufe ƙofa, don maganar ta sirri ce. Na ce, "Cikin wanga zafi? Mu fita gindin dogon yaro."

Ta ce, "Inna, darni ne fa kawai tsakaninmu da hanya. Kada maza su ji."

Na ce, "Maza duk suna fadama wajen albasa. Ni na san garina." (Ku riƙe wannan. Ni ce na ja tabarma da hannuna.)

Ta yi mana bayani a natse. Ba dole, wadda ba ta so ta tashi, kuma kada a ambaci sunan kowa. Muka dangwala yatsa a takarda. Ta fara tambaya. Wata nawa ake fara zuwa awo? Shiru. Wa ke yanke shawarar inda za a haihu? Shiru. Kowace ta ja mayafi tana wasa da bakin tabarma.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ku da na ga tsiraicinku ɗaya bayan ɗaya, yau ni kuke wa kunya? Ke Asabe, ranar da kike naƙuda har unguwar mahauta an ji ki!"

Aka kwashe da dariya. Baki ya fara buɗewa. Sai Malama Rabi ta ce, "Me ke hana mata zuwa a yi musu tazarar haihuwa?"

Na ce, "Maza."

Da nan na tsaya da na tsira. Amma abin da na haɗiye wata bakwai ya taso mini. Na matso da na'urar gabana kamar ita ce mai laifin. Na ce mace ba ta gama wankan jego ba, ruwan zafi bai bar jikinta ba, namiji ya fara shawagi a ƙofar ɗaki yana tambayar inda aka ajiye masa hula. Na miƙe na gwada musu tafiyar. Mata suka faɗi kan juna.

Sai na ji gyaran murya ta bayan darni. Ban kula ba.

Na ce, "Akwai wani da na sani. Direba ne a tashar Jega."

Malama Rabi ta ɗaga hannu. "Inna, ban da suna."

"Na hwaɗi suna? Dogo ne dai, mai wushirya. Motarsa duk wata sai ya kai ta juyen baƙin mai. In ta yi zafi a hanya ya tsaya ya buɗe mata baki ta sha iska. In taya ta suɗe ba ya barci. Amma matarsa? Haihuwa biyar ba hutu! Nas ta ce in ta ƙara za ta mutu, shi ko a jikinsa. Ƙarfe ya fi ɗiyar mutane daraja!"

Aka sake gyaran murya, wannan karon da ƙarfi. Malama Rabi ta kai hannu za ta kashe na'ura, na riƙe ta. Na juya ga darni na ɗaga murya.

"Wane ne mai tari? In namiji ne ka matso ka ji da kyau, ka kai wa 'yan'uwanka! Ku ne ba a iya hwaɗa wa gaskiya!"

Sannan wata murya ta fito, ƙasa ƙasa, irin ta mutumin da ke durƙushe.

"Ina wuni, Inna."

Na san muryar, ta surukina ce. Shekara takwas ita na fi sani a jikinsa.

Ashe shatar mota baƙin suka ɗauko daga Jega, kuma duk direbobin tashar nan Allah bai haɗa su da kowa ba sai shi. Ya sauke su a ƙofar gida, ya zagayo neman inuwa, inuwar kuwa ita ce rabin dogon yaron da ya leƙa waje. Taku uku ne tsakanina da shi.

Na ga jini, na ga gawa, ban taɓa gudu ba. Ranar na gudu. Na faɗa ɗakin matar mai unguwa na shige bayan gado na ja mayafi har ƙasa. Daga nan ina jin Asabe tana cewa, "Inna, fito ki ƙarasa mana tafiyar neman hular!" Wata ta ce, "Ku bar ta, mota ce ta yi zafi, tana shan iska." (Wadda ta faɗi haka ni na karɓi haihuwarta sau shida. Duniya ke nan.)

Malama Rabi ta biyo ni, ita ma duk ta rikice. Ta ce laifinta ne da ba ta leƙa ba, kuma in na so za ta goge maganata. Na ce, "Wanda nake ɓoye wa ya riga ya ji. Ki bar ta, ko ta amfani wata." Sauran hirar a ɗaki aka yi ta, ƙofa a rufe, gumi na zuba, ba wadda ta ji bakina.

Kwana huɗu ban ci abincin kirki ba. Ba kunyar kaɗai ba. Tsorona kada surukina ya huce a kan ɗiyata, ko ya kafe don an ci masa fuska a gaban mata.

Rana ta biyar sai ga ta da goyo. Ta zauna, ta zaro kati daga jaka ta ajiye a gabana. Ba na karatu, amma na san katin asibiti. Ta janye hannun riga ta nuna mini inda aka sa mata abin tazarar.

Na ce, "Ya yarda?"

Ta ce, "Shi ya kai ni. Da ya dawo ranar ko tuwo bai taɓa ba. Ya ce, da gaske nas ta ce za ki mutu? Na ce e. Ya ce, shi ne ba ki hwaɗa mini ba?"

Na ce, "Ke! Ba kin ce bai ce komai ba?"

Ta sunkuyar da kai. "To ai ban tambaye shi ba, Inna. Nauyi nake ji."

Ban gama haɗiye wannan ba ta ƙara mini wata. Wai tun haihuwa ta uku yake son su je, amma yana tsoron in ji. A ganinsa ni tsohuwar ungozoma ce, zan ce ya raina hannuna, ya kai mini ɗiya ga masu allura.

Wato bawan Allah nan na tsaya gaban mata goma sha biyu da baƙi uku na yi wa wankin babban bargo a kan tambayar da ba a taɓa yi masa ba.

Ɗiyata tana nan da ranta, ta yi ƙiba, yaron ya yi wayo ba ƙani a bayansa. Abin da na koya kaɗan ne. Kafin ka ce mutum ya ƙi, bincika ko an tambaye shi. Surukina yana zuwa gaisuwa kamar kullum, yana zaure ina bayan ƙofa. Da can al'ada ce ke ɓoye ni. Yanzu da dalilina.