Kwasau da Kunamar Bindigar Kamfani

Da sunan Mai kowa Mai komai muke buɗe wannan babi. Bayan haka, ga labarin sadauki ɗan sadaukai, dodon ɓarayin itace, ciwon kan masu farautar sata, Kwasau ɗan Jatau mai kwana bisa reshe, ɗan Cindo wanda giwa ta kauce wa a hanya, ɗan Nomau, ɗan Tunau, ɗan Mayau, ɗan Ranau, ɗan Gagarau wanda maruwaita suka ce bai taɓa kuskuren harbi ba sai sau ɗaya, shi ma ya ce da gangan ya yi. Iyaye bakwai cif, duk maharba, babu ko ɗaya da ya mutu bai bar bindiga a ƙarƙashin gado ba.

Shekara ashirin da shida Kwasau yana gadin gandun daji, rataye da adaka, bindigar maƙera mai cin albarushi ta baki. Kunamarta, wato ɗan ƙarfen nan da yatsa ke ja, da tsohon ƙarfen mota aka ƙera ta, janta kuwa sai ka ce jan guga daga rijiya mai zurfi. A kan wannan nauyi gidansu ya kafa al'ada. Maharbi zai ɗora yatsa ya fara kiran Gagarau, yana ja yana saukowa kaka bayan kaka, kowa da kirarinsa, daidai ya kai kan sunan ubansa sai ta tashi. Harshe da yatsa tare suke tafiya. Ɓarayin itace nawa ne suka ɗaure kayansu suka tafi a tsanake tun kafin a iso kan Nomau, wannan ban samu wanda ya ƙirga ba.

Ana nan sai takarda ta zo daga hedikwata. An sayo bindigogin kamfani, irin waɗanda da ka harba su da kansu suke ɗauko harsashi na gaba. Kowane mai gadi za a ba shi harsashi biyar, ya sa uku cikin baƙar da'irar da aka zana a jikin allo. Wanda ya kasa, ya ajiye aiki, ya fita daga ɗakunan ma'aikata kafin ƙarshen wata. To, a ɗaya daga cikin ɗakunan nan, mai ciki da falo, mahaifiyar Kwasau take, tsohuwa ce da ta haura tamanin, idonta ya tafi, ta haddace hanyar famfo da ta banɗaki da tafin ƙafarta. In aka tashe su, sai dai a ɗauke ta a koma ƙauye, inda rafi yake tafiyar sa'a guda. Kwasau bai gaya mata ba. Ya ce mata dai ana taro.

Sai dai sadauki bai ji tsoron kunamar ba, don ya riga ya yi lissafi. Idan maƙerin ƙauye mai zuga-zugin fatar akuya ya iya ƙera kunama mai ɗaukar kakanni bakwai, ina ga kamfani mai injiniyoyi da hayaƙi? Lallai tasu za ta ɗauki goma sha huɗu. Kwana uku yana bin tsofaffin dangi yana neman sunayen waɗanda suka gabaci Gagarau, har ya samo biyu, ya ƙago biyar. Taubashinsa Dogara, abokin aikinsa, mutumin da bakinsa bai san hutu ba, ya ce masa ya ƙara da na maƙwabta ko da za a buƙata.

Ranar Talata da hantsi runduna ta yi sahu a filin bayan ofis, mutum talatin da ɗaya, kowa da takalmin roba. Ga allo can taku hamsin. Ga alƙalin fage, Saje Yohanna, tsohon soja mai ritaya, gajere, mai biro uku a aljihu, wanda tun da aka haife shi ba a taɓa jin ya yi wa wani kirari ba. Ya yi bayani a taƙaice. Ya ce kunamar kamfani ba don yatsan wani mutum ɗaya aka yi ta ba, ta kowa ce, tana da ɗan sako-sako a farko, daga nan sai ta tsinke, kada kowa ya sa ran za ta jira shi. Ya ce zai ƙirga goma a kan kowane harbi, wanda bai harba ba an ci harsashinsa. Waɗanda suka fara shiga suka fito suna ƙorafi, wani ya ce kamar da yashi a cikinta, wani ya ce ta cika rawar kai. Kwasau ya saurare su da tausayi irin na manya.

Da aka kira shi, sai ya fito da haiba da kwarjini, layu na kaɗawa a damtsensa, warki a kan wandon gwamnati, ya karɓi bindigar ya juya ta kamar mai duba akuya a kasuwa, ya kafa ƙafar hagu, ya kafa ta dama, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya cika ƙirji da iska, ya ɗora yatsan nan da ya yi kanta saboda shekaru ashirin da shida na jihadi da ƙarfen mota, ya buɗe baki da muryar da ke tayar da tsuntsaye daga kan kuka.

"Gagarau na—"

Ta tashi. Harsashi ya bi ta saman allo da kamu wajen goma, ya shiga daji, kuma har yau ba a ji labarinsa ba. Saje Yohanna ya rubuta sifili.

Maruwaita sun yi saɓani a kan abin da ya bayyana a fuskar sadauki. Dogara ya ce kamar wanda aka mara a masallaci. Ni dai na fi karkata ga cewa mamaki ne, mamakin mutumin da ya yi sallama aka amsa masa tun bai rufe baki ba. Ya dubi bindigar. Wallahi ya ji haushi, ya kuma faɗa a fili cewa wannan ƙarfe ba shi da tarbiyya.

Sai ya sake dabara, irin ta manyan mayaƙa. Ya janye yatsa gefe, ya ce zai gama kiran kakanni tukuna sannan ya taɓa ta. Ya fara da gudu, yana haɗiye kirari, Gagarau, Ranau, Mayau, Saje na ƙirgawa da murya ɗaya kamar mai kiran lambar asibiti. Yana kan giwar Cindo Saje ya ce goma. Aka ci harsashi na biyu ba tare da ya bar cikin bindiga ba. Dogara ya ce a rubuta cewa wannan karon ko dajin bai samu ba.

Saura uku, kuma ukun ake nema.

Kwasau ya tsaya, bindiga a kafaɗa, gumi na bin bayan kunnensa. Bakwai ba za su shiga ba, wannan ya tabbata. Kunamar nan suna ɗaya take ɗauka, shi ma gajere. Wa zai kira, wa zai bari? In ya kira Jatau, Gagarau ya ji. In ya kira Gagarau, ya tsallake ubansa. Saje ya ce huɗu. Ya ce biyar. Daga inda Kwasau yake tsaye yana hango rufin kwanon ɗakinsu ta bayan ofis, da igiyar shanya, da zanen tsohuwa a kai. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda ɓauna ba ta taɓa sa masa ba. Saje ya ce takwas. Bakin sadauki ya buɗe da kansa.

"Inna!"

Ƙura ta tashi a tsakiyar baƙar da'ira.

Maharbi ba ya canja abin da ya ci. Jikan Gagarau, mai furfura a gemu, ya sake gyara tsayuwa a gaban mutum talatin, ya kira uwarsa da iyakar muryarsa, ya harba, ya sake kiranta, ya harba. Saje Yohanna ya taka har gaban allo, ya sa biro cikin huda uku, ya dawo ya rubuta uku, ya ce na gaba. Dogara yana ƙasa yana riƙe da ciki don dariya, kuma daga wannan rana babu wanda ya ƙara kiran Kwasau da wani suna a gandun nan sai Ɗan Inna.

Da azahar mai nasara ya koma gida. Ya tarar da tsohuwa a bakin ƙofa, ta lalubo sandarta, ɗankwali a karkace, tana ƙoƙarin fita. Ta ce ta ji yana ƙwala mata kira har sau uku, ta ɗauka ko rijiya ya faɗa.

"Lafiya dai? Me kake so?"

"Ba komai, Inna. Muna nan, ba inda za mu."

"Da ina za mu?" in ji ta. "Ƙato da kai, kana ta ihu cikin mutane. Karɓi butar nan ka ɗebo mini ruwa."