Yadda Na Ceci Kwamfutar Malam Nasiru Daga Ƙonewa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin nan ba, kuma ko na so in manta, 'yan ajinmu ba za su bari ba. Ni manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Goronyo, da ruwan dam nake noman rani. Sai da furfura ta fara fito mini a gemu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, wanda ake yi bayan la'asar a firamaren garinmu. Mu goma sha bakwai ne, duk magidanta. Suna kirana Mai-Haƙuri, saboda ina iya yini a kan harafi ɗaya ban yi tsaki ba. (Ɗan-Ige, taubashina, ya ce ba haƙuri ba ne, nauyin kai ne. Ku rabu da shi.)

Malaminmu, Malam Nasiru, ɗan garin ne, ya karanto ilimin kwamfuta a Sakkwato. A shekararmu ta biyu ya fara ɗauko mana wata tsohuwar kwamfutarsa a bayan babur, mu tayar da ƙaramin janareto, kowa ya koyi buga sunansa da yatsa ɗaya. Tana da nawa. Wani lokaci sai ka danna abu ta yi shiru, wata 'yar jar fitila tana ƙiftawa a jikin akwatinta, kana jin ƙur-ƙur daga ciki, sannan abin ya fito. Sauran suna jin haushin wannan jira. Ni kuwa tambaya na yi.

"Malam, in ta yi shiru hakanga, mi taka yi?"

Kamar dama jira yake wani ya tambaya. Ya ajiye alli ya ce, "Kawu, a kan wanga abu na yi aikina na ƙarshe a makaranta, kuma ba wanda yat taɓa tambayata sai kai."

Ga abin da ya koya mini, yadda na rubuta shi a littafina. Duk aikin da ke cikin kwamfuta a yayyanke yake shafi-shafi, kamar littafin da aka ɓalle. Tana da wurin aiki ƙarami mai sauri, kamar teburin ɗan kasuwa, tana kuma da babban wurin ajiya mai nisa, kamar sito. Teburin ba ya ɗaukar shafuka duka. Idan aiki ya nemi shafi ba ya kan tebur, sai a tsayar da aikin cak, a kira mai kula da gidan. A boko kanel ake ce masa, mu muka sa masa suna Magaji. Magaji zai fara dubawa, shin shafin nan na mai neman ne? Idan ba nasa ba ne, ya kore shi waje, ba shawara. Idan nasa ne, ya nemi gurbi a tebur. In tebur ya cika, ya ɗauke shafin da aka daɗe ba a taɓa ba, in an yi sabon rubutu a kansa ya fara kai shi sito, sannan ya ɗauko wanda ake nema ya ajiye. Daga nan aiki ya ci gaba daga inda ya tsaya, bai ma san an tsayar da shi ba.

Ya ƙara mini da gargaɗi biyu. Idan ka jibga mata ayyuka da yawa, Magaji zai ƙare a hanya tsakanin tebur da sito, kai-kawo kawai, aiki ba ya gaba. Kuma duk rubutun da ba ka ajiye da suna ba, in wuta ta ɗauke ya tafi, domin Magaji ya manta inda ya zuba shi. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan. Layi biyu, jama'a.

A wannan shekarar damina ta cika ƙaramar magudanar da ke kawo ruwa gonakinmu da yashi. Irin albasarmu ya kusa isa dashe, ruwa kuwa ba ya wuce gonaki uku na farko. Sai aka ce wani injiniya mai tsara inda motar yasa, wato mai kwashe yashi, za ta bi zai biyo ta garinmu ranar Asabar a kan hanyarsa ta zuwa Wurno, kuma a ranar zai rufe jerin wuraren. Ba ya karɓar koke da baki, sai a rubuce, da sunan kowa da lambar gonarsa. Idan takardarmu ba ta shiga hannunsa ranar ba, irin zai tsufa a bedin da muka raine shi, shekarar ta wuce mu.

Malam ya ce to mu buga takardar da hannunmu, injiniya ya ga manoman nan ba na dangwala yatsa ba ne. Ni kuma aka zaɓe ni in yi wa baƙo bayanin yadda kwamfuta ke aiki, tunda na fi kowa ganewa. Kwana uku ina yi wa awakina bayanin Magaji.

Ranar, tun hantsi bai fito ba muka hallara. Kowa ya zauna ya buga sunansa da lambar gonarsa da jimla ɗaya ta kokensa. Baba Umaru, dattijon ajinmu, wanda idonsa ya yi rauni, shi kaɗai ya kusa cinye rabin awa, yana neman kowane harafi da bakinsa a buɗe. Da ya gama ya share hawaye da gefen rawaninsa, ya ce ƙura ce. Ni na buga na ƙarshe. Ana haka aka ce ga motar baƙo can a bakin titi. Malam ya miƙe da sauri.

"Kawu, ka aje ta yanzu-yanzu. Ka tuna yadda aka yi?"

"Shina cikin littahina, Malam. Tahi abinka."

Ya fita. Na buɗe littafin, na ga inda na rubuta yadda ake ajiyewa. Sai zuciyata ta ce, ajiyewa ai ɗan dannawa ne, fara shirya abin da za ka nuna wa baƙo tukuna. Na buɗe hotunan magudanar da Malam ya ɗauka. Na buɗe taswirar gonaki. Na buɗe wani ɗan fim na ruwa yana gudu, don kawai yana da kyau. Na ƙara buɗe wasu hotunan. Ina cikin haka na ji sallama a ƙofa.

Injiniyan dogo ne, mai ƙaramar hula, bai zauna ba sai da ya dubi agogonsa. Mai gari ya zauna kusa da shi, 'yan aji suka jeru a kan bencin yara, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa. Malam ya gabatar da ni. Na miƙe, na gyara babbar rigata, na fara. Wallahi bayanin ya fito mini tsaf. Na faɗi tebur, na faɗi sito, na faɗi Magaji. Har na ɗaga yatsa na ce, "Shi ya sa, ranka shi daɗe, in kun ga ta yi shiru, ba lalacewa tay yi ba. Haƙuri taka so." Na ga injiniya ya daina duban agogo.

"To Malam," in ji shi yana dubana, "in teburin ya cika, wane shafi za a ɗauke?"

"Wanda anka daɗe ba a taɓa ba, ranka shi daɗe."

Ina rufe baki na tuna. Wane abu ne aka daɗe ba a taɓa ba a cikin kwamfutar nan? Takardarmu. Takardar da ban ajiye ba. Na tula mata hotuna da fim a kai, Magaji ya kwashe ta tuni ya kai sito.

Injiniya ya yi murmushi ya ce, "Madalla. To a bugo mini takardar, ana jirana a Wurno."

Na zauna. Na danna inda takardar take. Rabin allon ya yi fari, rabi yana nan da hoton yashi. Jar fitilar ta kama ƙiftawa. Na jira. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar janareto a waje. Na sake dannawa (wannan ma Malam ya hana). Fitilar ta daina ƙiftawa, ta tsaya ja wur. Ƙur-ƙur ɗin ya koma gurnani, fankar ciki ta ɗauki kuka tana ƙara sama. Na saci kallon Baba Umaru, ya kafa wa allon ido. Injiniya ya koma ga agogonsa. Malam yana can bayan mai gari, ya ɗaga mini tafin hannu, wato in dakata. Na gani sarai.

Sai Ɗan-Ige ya sunkuyo ta bayana, cikin wasan da ya saba, ya raɗa mini, "Mai-Haƙuri, injinka yas sha iska."

Duk mai noman rani ya san wannan magana. Idan injin ban ruwa yana kuka, tiyo ba ya fitar da komai, kukan kuma ya canza ya yi sama, to iska yake ja, in ba ka kashe shi nan take ba zai ƙone. Na taɓa ƙona ɗaya don na tsaya kallo, kuma ban sake ba. Shekara ashirin kunnena yana sauraron wannan kuka. Bayanin Magaji kuwa wata huɗu kacal ya yi a kaina. Kafin kaina ya yi magana, hannuna ya riga ya kai bango ya fizge wayar.

Allon ya yi baƙi. Fankar ta yi ƙasa a hankali har ta tsaya. Har na buɗe baki na ce, "Alhamdu lillahi, ba ta ƙone ba."

"Kawu," in ji Malam, murya ƙasa-ƙasa, "ka aje ta?"

Na girgiza kai. Ya zo ya mayar da wayar, muka jira ta tashi, ya duba nan ya duba can. Babu komai sai kanun takardar da shi ya ajiye tun jiya. Suna goma sha bakwai, ko ɗaya bai tsira ba. Mai gari ya yi salati. Injiniya ya dube ni ya ce, "Ba kai ne ka ce haƙuri take so ba?" Wani a baya ya tuntsire da dariya ya mayar da ita tari.

Injiniya ya miƙe. Mai gari ya riƙe masa hannu yana roƙo, har ya yarda ya ba mu minti goma sha biyar, ya ce ko da biro ne a rubuta. Malam ya zaro biro daga aljihu, sai Baba Umaru ya buga sandarsa a ƙasa.

"A'a, Malam. Wanda yak kashe, shi za ya rubuta."

Aka yago takarda daga tsakiyar littafina aka ajiye mini. Ni da nake yini a kan harafi ɗaya. Suka kewaye ni, kowa yana faɗin sunansa da lambarsa a kan na wani. Direba yana danna ham a waje. Gumi yana ɗiga daga gemuna a kan takardar, ina sharewa da hannun riga, tawada tana bajewa. Ɗan-Ige yana tsaye a kaina yana cewa, "Ka ga Magaji ya koma sito da ƙahwa." Ban ɗaga kai ba. Ina kai sunan mutum na ƙarshe da ya yi mini ihu a kunne, na miƙa wa injiniya takardar da hannu biyu, ya riga ya sa ƙafa ɗaya a mota. Ya dube ta sama-sama, ya ninke, ya ce, "Ta karɓu." Na zauna a ƙasa a bakin ajin.

Bayan kwana tara motar yasa ta zo. Ta fara daga kan magudanar tana kwashe yashi, gona bayan gona, muna binta a ƙafa muna murna. Da ta iso iyakar gonar Baba Umaru sai direban ya kashe ta ya sauko. Gonata ce ke biye, ita ce ta ƙarshe a layin.

"Ɗan'uwa, saura tawa," na ce.

Ya zaro kwafin takardar daga aljihu, rubutuna ne da tabon gumina. Ya bi da yatsa har ƙasa. Suna goma sha shida. Kowa ya yi mini ihun sunansa a kunne ranar, ni kuwa ba wanda ya yi ihun nawa.

"Inda takarda tat tsaya, nan nika tsayawa," in ji shi. Ya juya motarsa.

Kwana huɗu na yi da shebur ina yashe ragowar, ni kaɗai har rana ta uku, da Ɗan-Ige ya gaji da yi mini sannu daga kan kunyar gona ya naɗe wando ya shigo. Ruwa ya iso, na yi dashe a makare, albasata ta fito ƙanana amma ta fito.

Yanzu idan kwamfuta ta fara gurnani, hannuwana biyu nake turawa ƙarƙashin cinyoyina in zauna a kansu, don na gane kaina ne ya shiga yaƙi da jahilci, hannuna har yau manomi ne. Idan kuma aka ba ni jerin sunaye in rubuta, ko na masu cin tuwon suna ne, da nawa nake farawa.