Nahoda Vuai da Tudun Yashin da Ya Ƙaura

"Ni da tekun nan mun san juna tun kafin a zuba mata gishiri!"

Haka Vuai Makame ya faɗa a gaban teburin da nake sayar da gahawa, a bakin gaɓar garinmu da ke tsibirin Pemba, ya buga ƙirji har ya ƙware, sai da na bubbuga masa baya. Aboki, bari in faɗa maka waye Vuai, don tare muka yi wasan ƙasa da shi. Mutumin nan rabin rayuwarsa a Dodoma ya yi ta yana aikin akawu, inda ruwa mafi girma da yake gani shi ne na butar alwala. Da ya yi ritaya ya dawo gida da tumbi da furfura, ya sayi wani tsohon kwalekwale mai inji, ya lafta masa fenti kore shar, ya sayo farar hula mai hoton anga, ƙarfen nan da ake jefawa ruwa a tsayar da jirgi, ya ce daga yau kowa ya kira shi Nahoda, wato shugaban jirgi. A gabansa mukan ce Nahoda. A bayansa kuwa Kyaftin Fenti muke cewa.

Duk wannan hidima don mace ɗaya ake yin ta. Riziki sunanta, bazawara mai gasa gurasar kwakwa a bayan kasuwa, kuma wallahi Vuai ya mato a kanta. Ita ma tana ɗan yi masa murmushi. Sai dai maganar aurenta tana hannun gwaggonta, Bi Mwatima, tsohuwar da idan ta kalle ka sai ka duba ko rigarka a baibai ka sa. Ta ce ba za ta ba da 'yar ɗan'uwanta ba sai ta ga natsuwar mutum da idonta. Shi ne gogan naka ya gayyace su yawon shan iska zuwa fungu, tudun yashin nan da ke fitowa a tsakiyar teku idan ruwa ya janye, a shimfiɗa tabarma a ci pilau, shinkafar nan mai kayan ƙamshi, a sha hira kafin ruwa ya dawo.

Masuntan da ke shan gahawa suka yi masa ca.

"Vuai, fungun da ka sani ya daɗe da tashi daga wurin nan."

"Ya tashi? Da ƙafa ko da keke?"

"Ba wasa muke yi ba. Iskar arewa ta daina zuwa a kan lokacinta. Ruwan da ke gudu ta bayan tsibiri yanzu ta gaba yake bi, ya kwashe yashin ya kai wani wuri. Ba ka ga itatuwan kwakwar da teku ta kayar a bakin gaɓa ba?"

"Ku dai ku ce kun tsufa, idonku ya mutu," in ji Vuai. "Kakana ya koya mini tun ina yaro: ka yi ta tafiya har hasumiyar masallacin Juma'a ta hau kan kukar bakin maƙabarta, nan fungu yake. Hasumiya ta ƙaura ne? Kuka ta ƙaura?"

Suka ce a'a.

"To, ku sha gahawarku."

Ni kuwa ya ce lallai in raka shi, wai a matsayin abokin ango. Na yarda, don gaskiya ina son pilau, kuma ina son kallo.

Ranar tafiya da hantsi muka ɗaga. Bi Mwatima ta hakimce a tsakiya da baƙar lemarta, Riziki a gefenta, ga wata ƙatuwar tukunyar pilau mai ƙamshin kanumfari da aka ɗaure bakinta da zane. Vuai yana riƙe da inji, ƙirji a gaba, yana ba mu labarin guguwar da ya taɓa tsawata wa ta koma. Can sai ya ƙanƙance ido ya dubi gari.

"Hasumiya ta hau kuka! Pandu, saki anga!"

Na saki anga. Igiya ta yi ta zarya, ta yi ta zarya, har ta ƙare a hannuna.

"Nahoda," na ce a hankali, "angar nan fa ba ta taɓa ƙasa ba."

"Ta taɓa. Yashin ne mai laushi, ba a jin sa."

"Lilo take yi, mutumina."

"Kai mai gahawa ne ko matuƙi? Zauna!"

Muka zauna jiran ruwa ya janye. Ruwa ya janye, har muna hango masu tsintar kifi suna takawa a bakin gaɓa, amma mu inda muke ko ƙwayar yashi ba ta leƙo ba. Rana ta buɗe mana wuta. Kwalekwale kuma yana ta sulalewa gefe a hankali, hasumiya ta sauka daga kan kuka ta kama gabanta, Vuai ya yi kamar bai gani ba.

Bi Mwatima ta gyara lema. "Ɗana, tudun naka sai an yi masa sallama ne yake fitowa?"

"Gwaggo, ai muna kansa! Ruwan nan da kike gani iyakarsa gwiwa."

Ta leƙa. "Ruwan gwiwa ne ya yi baƙi haka?"

"Inuwar jirgi ce, Gwaggo. Bari ki gani, ni zan fara sauka da abinci in yi muku shimfiɗa."

Na riƙe masa riga, ya fizge. Ya tattare zanen ƙugunsa zuwa cinya, ya ɗora tukunyar pilau a ka bisa hular, ya yi wa Riziki wani murmushi mai tsada, ya miƙa ƙafa kamar mai sauka daga matakalar ofis.

Cuɓul!

Aboki, babu Vuai, babu tukunya. Sai kumfa, sai farar hula tana juyi ita kaɗai, sai shinkafa ta taso ta bazu, kifaye suka zo walima ba gayya. Riziki ta miƙe ta ƙwala ihu: "Vuai!" Ba Bwana, wato Malam, ba Nahoda, sunansa tsura. Da ƙyar ya ɓullo yana aman ruwa, na miƙa masa gorar turin jirgi, ni da Riziki muka jawo shi ciki kamar buhun gishirin da ya jiƙe.

Ka san abin da ya fara faɗa?

"Dama dubawa na sauka in yi."

"Me ka gano?" in ji Bi Mwatima.

"Yashin yana nan, Gwaggo. Ƙasa ya ɗan yi."

Riziki ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta suna rawa. Amma ta ciro tawul ta miƙa masa, ta ce ya goge kansa kada mura ta kama shi. Na ce a raina, ikon Allah, mutumin nan har yanzu da sauran rabonsa. Da ya yi shiru ya mai da mu gida a hankali, da yanzu ina ba ka labarin biki ne.

Ina! Tsohuwa ta ce a koma, shi kuwa Kyaftin Fenti ya ƙudura sai ya wanke kansa. Ina gama jawo anga ya tayar da inji ya murɗa shi har ƙarshe, ya nufi babban mashigin da ke gaban tsibiri.

"Yanzu za ku ga tuƙi! Nan ne hanyar manyan jiragen kanumfari tun zamanin kakana. Zurfin wurin nan, ko hasumiya ka jefa sai ta ɓace!"

Ni dai na ga ruwan gabanmu yana yin fari-fari. Na kuma hango waɗansu tsuntsaye.

"Nahoda, tsuntsayen can fa a tsaye suke."

"Tsuntsun teku ne, haka suke yi."

"Ina ganin ƙafafunsu, Vuai!"

"Dogaye ne!"

Ƙuuu, gurum! Kwalekwale ya daki abu ya tsaya cak, ya karkace gefe guda, inji ya yi tari ya mutu. Na tsinci kaina a rungume da anga. Lemar Bi Mwatima ta juye ciki ya koma waje. Ashe fungun da muka wuni nema ne, nan ruwa ya kwaso shi ya jibge a tsakiyar hanyar jiragen kakan Vuai.

Amma Vuai bai san haka ba. Shi a kansa muna bisa zurfin da ke haɗiye hasumiya, kuma bai daɗe da ɗanɗana ruwan teku ba, bai ji daɗinsa ba. Idonsa ya firfito.

"Mun daki dutse! Jirgi ya fashe! Mun mutu!"

Ya zura hannu ƙarƙashin bencin da tsohuwa take zaune, ya ture ƙafafunta, ya zaro rigar ceto guda ɗaya tak da ke cikin jirgin, wadda ko ni ban san da ita ba. Ya zura ta a wuya a baibai, ya tsallake Riziki, ya taka mini hannu, ya hau bakin jirgi.

"Kowa ya yi ta kansa!"

Ya rufe ido, ya toshe hanci, ya daka tsalle da dukan ƙarfinsa.

Tim! Tumbi ya sadu da yashi. Ruwan wurin ko idon sawu bai rufe ba. Amma gogan naka bai buɗe ido ba, sai ya kama iyo. Hannu na kwasar yashi, ƙafa na harbin iska, baki na kalmar shahada, yana kiran a kawo ɗauki, a gaya wa 'yan'uwansa na Dodoma ya yafe musu. Tsuntsayen nan suka matso suna kallonsa. Ni dariya ta kayar da ni cikin jirgi har cikina ya ƙulle. Da na ɗago na dubi Riziki, sai na ga ita ba ta dariya. Tana kallon rigar ceton ne kawai, ta sunkuya ta ɗauki tawul ɗinta ta ninke. A nan tausayin abokina ya kama ni, don na san da gaske yake son matar nan, tsoro ne kawai ya fi son ƙarfi.

Bi Mwatima ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta sauko daga jirgi a natse, ko gefen zanenta ba ta ɗage ba. Ta taka har inda yake ta tsaya a kansa, ta zungure shi da bakin lema.

"Nahoda. Buɗe ido, ka iso."

Ya buɗe ido ɗaya. Ya ga ƙafafun tsohuwa, ya ga yashi, ya ga kaguwa tana wucewa ta gaban hancinsa. Ya tofar da rairayin da ke bakinsa ya ce, "Gwaggo... ga fungun. Ban ce zan kawo ku ba?"

"Ka kawo mu, ɗana, sannu da ƙoƙari," in ji ta. Ta juya wajen jirgi ta ɗaga murya. "Riziki, sauko mu taka zuwa wajen masuntan can da suka tsayar da jirginsu a ƙarshen tudu, su kai mu gida. Mutumin da ke nutsewa a kan tudu, ko wanka zai shiga sai an tsaya masa a bakin ƙofa. Mu miji muka fito dubawa, ba ɗan reno ba."