Yadda Na Taya Neman Mai Ɓoye Littattafai

Ba zan taɓa mantawa da kantar ƙasa ta laburaren jami'a ba, ko da yake na yi iyakar ƙoƙarina in manta. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in rubuta wannan. In na fara sai in ce kada jikokina su gani, in na fasa sai in ji kamar na danne haƙƙin wata baiwar Allah. Yau dai na runtse ido.

Lokacin kuɗin mai ne, soja ke mulki, duk inda ka duba a Sakkwato gini ake yi. Ni ina sashen ɗurin buhu a kamfanin siminti na Kalambaina, takardar firamare kaɗai gare ni. Aka ce mai son kujerar akawu sai ya kawo ta sakandare, sai na shiga karatu ta gidan waya: a aiko maka darasi cikin ambulan, ka amsa ka mayar, malamin da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba ya bi ka da jan biro. Damuwar ita ce littattafan da suke cewa a duba. Babu su a kasuwa, balle a Unguwar Rogo inda nake haya. Sai a sabuwar jami'a, wadda lokacin take zaune cikin gari.

Mai kula da laburaren wata Kirista ce daga wajen Filato, Madam Rahila, doguwa, mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Ita ta roƙa aka bar mu, mu 'yan karatun gidan waya, mu riƙa shiga ranar Asabar. Da za ta miƙa mini katina ta ce, "Malam, ba a ba ku aro zuwa gida, amma ka zauna ka karanta iya ƙarfinka. In aka sami matsala ni za a tambaya, don ni na tsaya muku."

Na naɗe katin nan cikin takardar buhun siminti, na ɗinka masa aljihu a cikin riga. (A hanya nakan sauka daga keke in taɓa shi, in hau, in sake sauka don ban tabbata na taɓa shi da kyau ba. Haka Allah ya yi ni.)

Wata Asabar fensirina ya faɗi, na sunkuya, sai idona ya kai kantar ƙasa. Littattafan Larabci ne jere, daidai takalman mutane. Ina kallo wani ɗalibi ya ɗora ƙafarsa a bakin kantar yana ɗaure igiyar takalmi. A gidanmu ko fallen takarda mai rubutun Larabci mahaifina ya gani a ƙasa, sai ya ɗauka ya soke a tsagar bango. Ni na yi makarantar allo, ina iya haɗa baƙi, amma ban san ma'ana ba, saboda haka duk Larabci a wurina aya ce.

Na so in gaya wa Madam, sai na ce kada ta ɗauka don ba addininmu ɗaya ba nake yi mata gyara. Na so in yi shiru, sai na ce ranar lahira me zan ce? A ƙarshe na sami dabarar da nake ganin ba za ta ɓata wa kowa rai ba. Kowace Asabar sai in yi alwala, in faki ido, in taka ɗan bencin katako, in hau da na Larabci sama, in sauko da na Turanci su cike gurbin. Da yake ni mai jera buhu ne, har da daidaita su nake yi, dogo kusa da dogo, gajere kusa da gajere. Lambobin da ke liƙe a bayansu kuwa na ɗauka irin tambarin da muke buga wa kaya ne, ba ruwan mai karatu da su.

Ana nan sai Madam ta tara mu 'yan waje. Ta ce wani yana ɓoye littattafai, ɗalibai sun kai ƙara sama, kuma sun ce kafin a fara barin mu shiga ba a yin haka. In ba a gano shi ba kafin ƙarshen wata, za a karɓe katinmu duka.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Jarrabawata ta matso, ga wani marar tsoron Allah zai rufe mana ƙofa. Na miƙe na ce, "Madam, ki bar mini shi. Ko wane ne, sai na kamo miki shi." Ta ce ta gode. (Ku lura, har wannan lokacin ban taɓa kawo kaina a rai ba. Ni ai ba ɓoyewa nake yi ba, ɗaukakawa nake yi.)

Ban sha wuya ba na sami wanda nake zargi. Wani ɗalibi ne, Bello, mai tulin suma da wando mai faɗin ƙafa. Kullum yana rarrafe a sashen Larabci, yana zaro wannan yana mayarwa, yana tsaki. Asabar ta gaba na lallaɓa wurin Madam na raɗa mata, "Taho ki gani da idonki."

Muka same shi durƙushe. Madam ta ce, "Bello, me kake yi a nan?"

Ya ce, "Madam, littafin nahawu nika biɗa tun wancan wata. Katin littafin ya ce nan yake, ba shi nan. Malaminmu kuwa ya ce in ban kawo aikin ba in manta da makin."

Tausayinsa ya kama ni, na manta ni na kawo ƙararsa. Na ce, "Mai koren bango, mai ɗan kauri? Ai yana sama!" Na taka benci na zaro shi, na shafe shi da hannun riga, na miƙa masa ina murmushi.

Madam da Bello suka juyo suna kallona.

Madam ta cire tabarau ta ce, "Malam, yaya aka yi ka san yana can?"

Na ce, "Ni na hau da shi, Madam. Duk na hau da su. Kaɗan ya rage in gama."

Wallahi sai da na ji maganar da kunnena sannan na gane. Bello ya zauna daɓas a ƙasa ya ce, "Madam, wanga ɗan sanda naki ya iya aiki, ga shi ya kamo ɓarawon da kansa!" Ɗalibai suka taso daga teburansu. Bello ya tashi, ya yi ɗage ya sauko da wani ƙaton littafi ja, wanda na sa can ƙololuwa don ya fi kwarjini, ya ce, "Malam, wanga ma da alwala ka ɗauke shi?"

Na ce, "Ƙwarai."

Ya ce, "Allah shi ba da lada. Cututtukan raƙuma ne."

Dariyar da aka yi ranar, na tabbata an ji ta a Tudun Wada. Ni kuwa ina tsaye kan benci, ba dama in sauka, ba dama in ƙara hawa.

Madam kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta kai ni wurin aljihunan katako da ake ajiye katunan littattafai, ta nuna mini cewa lambar nan ita ce adireshin kowane littafi. Ta ce, "In ka sa shi gidan da ba nasa ba, da shi da wanda aka sace duk ɗaya ne." Sannan ta tambaye ni dalili. Na faɗa mata. Ta ce, "Mahaifina ma ba ya yarda a ajiye Littafi Mai Tsarki a ƙasa. Me ya hana ka gaya mini?"

Na ce, "Tsoro nake kada ki ji haushi."

Ta ce, "To, ga shi yanzu na ji."

Na kwance katina daga takardar buhu na ajiye mata. Ta tura mini shi baya da yatsa ta ce, "Riƙe abinka. Wanda ya ɓata shi zai gyara, kuma ba a shiga nan ba kati."

Muka yi Asabar da dama ni da Bello muna mayar da kowane littafi gidansa, yana kirana Likitan Raƙuma. Da muka gama, sai Madam ta sa aka matsar da sashen Larabci gaba ɗaya, lamba na bin lamba, ta yadda ba ko ɗaya a kantar ƙasa, har da na raƙuman. Abin da na yi wata da watanni ina yi a ɓoye ina ɓarna, ita ta yi shi da rana tsaka ba tare da littafi ɗaya ya ɓata ba. Me ta gaya wa na sama ban sani ba, na dai san ba a karɓe katin kowa ba, kuma ba wanda ya kira ni ofis. Jarrabawa sai a zama na biyu na ci, amma na ci, na hau kujerar akawu.

Tun daga nan, in na ji ana neman mai laifi, kafin in ce a bar mini shi, nakan fara tambayar kaina me nake yi ranar Asabar.

Madam Rahila ta bar Sakkwato dab da soja za su miƙa mulki, aka ce ta koma gida. Ina roƙon duk wanda ya san inda take, ko inda 'ya'yanta suke, ya taimaka ya sanar da ni. Ban taɓa yi mata godiya yadda ya kamata ba, don duk lokacin da na buɗe baki sai ta nuna mini allon da aka rubuta a yi shiru.