Gilashin Banɗaki a Fuskar Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sa wa mamaci ciwon da bai taɓa yi ba.

Ni fa mutum ne mai taurin kai. Duniya ta koma hoton waya, ni kuwa ina nan Abakpa riƙe da ɗakin duhun wanke hoto da na gada wurin mahaifina. A ciki akwai wani firam na katako mai gilashi: ka shimfiɗa takardar hoto, ka ɗora dodon hoto, wato baƙin fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa, a kai, gilashin ya danne su, ka haska fitila. Shi ke nan aikinsa.

Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifina, tana fita takaba ta kawo mini wani tsohon dodon hoto a naɗe cikin ɗankwali. Na mijinta ne, Alhaji, tun yana saurayi a ofis, kuma ba ta da wani hotonsa na ƙuruciya. Na bugi ƙirji na ce ta bar mini. Washegari gilashin firam ɗin ya suɓuce mini ya fashe, tas!

Haushi ya kai ni Hayin Banki wurin masu yanka gilashi. Na rantse wannan karon sai na sayi wanda ko giwa ta taka ba zai fashe ba. Na ture sirara, na zaɓo mai kauri, irin na tagar banɗaki, mai ɗan ƙurji-ƙurji a gefe ɗaya. (Na lura da ƙurajen sarai. Na ce ai gefen mai santsi ne zai taɓa hoton. Ka ji masani.)

Ko gwaji ban yi ba. Har na gayyato Gwaggo cikin ɗakin duhu, wai ta ga yadda Alhaji zai fito a gabanta. Na haska, na tsoma takardar cikin ruwan magani, muka sunkuya ƙarƙashin jar fitila. Hula ta fara bayyana, sai goshi, sai kumatu, duk sun yi ɗabbare-ɗabbare kamar bayan abarba.

Gwaggo ta ƙara sunkuyawa. Can ta ce, "Ɗan nan, Alhaji fa bai taɓa yin agana ba."

Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gumi ya karyo mini. Amma na ce ba za ta bar gidan nan ba sai da mijinta.

"Gwaggo, ki zauna, don Allah."

Na faɗa falo, na sauko da hoton aurenmu daga bango, na zare gilashinsa, matata tana ta salati a bayana. Siriri ne, garau, kuma ya shige firam ɗin. Na sake wankewa. Sai ga Alhaji sumul, da ɗan gashin bakinsa.

Ta daɗe tana kallonsa, ta share ido da bakin mayafi. Sannan ta miƙo hannu. "Ba ni wancan mai ƙurajen ma. Tun da ya rasu ban ji dariya ta taso mini ba sai yau."

Yanzu kafin in sayi gilashi, sai na ɗora shi kan jarida na karanta labari guda. Kuma ba na gayyatar kowa kallo sai na fara jin kunyata ni kaɗai.